Wata Uku da Sabuwar Kyamara: Abin da Hannuna Ya Koya

Ɗaukar hoto ba sana'ata ba ce. Sha'awa ce da ta zame mini jiki, har ta kai da wuya rana ta fito ta faɗi ban danna shota ba, wato maɓallin ɗaukar hoto. Na daɗe ina riƙe da kyamara mai madubi a ciki, wadda ake kira DSLR, kafin in koma marar madubi, kuma shaidar da zan bayar ita ce a makonnin farko hotunana baya suka ci. Sabuwar ta fi tsohuwar komai a takarda, amma yatsuna tsohuwar suka sani. Babban yatsa ya tafi inda ya saba samun ISO, wato ma'aunin yadda kyamara take jin haske, sai ya tarar da maɓallin bidiyo. Ka sauke kyamara daga ido don ka duba, kafin ka ɗago abin da za ka ɗauka ya yi gaba. Har ɗaura lens, gilashin da ake ɗaurawa a gaban kyamara, sai an sake koyo idan an canja kamfani, domin na Nikon ana murɗa shi ne ta ɓangaren da ya saɓa wa na Canon da Sony. Duk wanda zai canja kyamara ya sa wa ransa cewa zai yi wannan zaman baƙunta, ya kuma san hanyar rage tsawonsa.

Ranar farko ba ranar fita ba ce. Akwai ɗan ƙaramin wili a gefen tagar da ake leƙawa, mutane da yawa ba su ma san da shi ba. Shi yake daidaita tagar da ƙarfin idonka. Ka leƙa, ka manta da hoton da ke gabanka, ka zuba wa lambobin da ke ƙasan tagar ido, ka yi ta murɗawa har su fito tar. Idan ba a yi haka ba komai zai riƙa fitowa dishi-dishi a taga, sai ka zargi lens alhali lafiyarsa ƙalau. Daga nan sai kwanan wata da lokaci, domin kowane hoto yana tafiya da su a cikinsa, kuma gyara hoto dubu da aka ɗauka da kwanan wata na kuskure aiki ne mai ban haushi. Katin memori a cikin kyamarar ake yi masa fomat, ba a kwamfuta ba, don ta tsara shi yadda take so. Lambar hotuna a sa ta ta riƙa ci gaba, kada ta koma 0001 duk lokacin da aka sa sabon kati, in ba haka ba hotuna biyu za su zo da suna ɗaya, wani ya danne wani wajen kwashewa. Na kashe ƙarar da take yi idan ta kama fokas, wato ta daidaita wurin da zai fito tar a hoto, na kashe 'yar fitilar da take haskawa a duhu tana damun mutane, na kuma hana ta ɗaukar hoto idan babu kati a ciki. Wannan na ƙarshen shi ne mafi muhimmanci, don kyamarar da aka bari a haka za ta yi ta ƙara kamar tana aiki, ba ta ajiye komai ba. Idan akwai sabuwar manhajar cikinta da kamfani ya fitar, a sa ta da batir cike, don yankewar wuta a tsakiyar wannan aikin yana iya kashe kyamara gaba ɗaya.

Littafin da ke zuwa da ita yakan kai shafi ɗaruruwa, ban karanta shi daga farko zuwa ƙarshe ba, ban kuma san wanda ya yi ba. Abin da na yi shi ne na zaɓi abubuwa biyar da nake taɓawa kullum: ƙofar haske (ramin cikin lens da haske ke bi, ana rubuta shi f/ da lamba, babbar lamba ƙaramar ƙofa), saurin shota (tsawon lokacin da take buɗe wa haske, 1/250 na nufin kashi ɗaya cikin 250 na daƙiƙa), ISO, ƙari ko ragin haske, da wurin fokas. Na tabbatar kowane yana da wili ko maɓalli nasa a waje, ba sai an shiga menu ba. Sauran na bar su har sai buƙata ta kawo su. Sannan kowane dare, kamar minti goma, nakan zauna da kyamara a hannu, idona a rufe, in ce wa kaina: kai ƙofa f/8, rage haske mataki ɗaya, mayar da fokas tsakiya. In buɗe ido in duba ko na dace. Mataki ɗaya shi ne ninka haske ko raba shi biyu. A makon farko rabi kuskure ne. A mako na uku yatsu sun fara zuwa da kansu. Idan wilin yana juyawa saɓanin yadda ka saba, yawancin kyamarori suna ba da damar juya shi a menu, kuma gara ka lanƙwasa kyamara ta bi hannunka da ka yi wata shida kana faɗa da ita.

Babban bambancin da na samu shi ne taga. A mai madubi, abin da kake gani ta lens shi ne duniya kamar yadda take, kyamara ba ta taɓa shi ba, sai ka ɗauka tukuna ka ga ko hasken ya yi. A marar madubi tagar ɗan allo ce, tana nuna maka hoton kamar yadda zai fita. Ka rage haske, tagar ta yi duhu nan take. Wannan ni'ima ce, amma tana da tarko. Hasken allon kansa yana ƙaruwa ko ya ragu gwargwadon wurin da kake, sai da dare hoto ya yi maka kyau a taga, ka zo kwamfuta ka tarar ya yi duhu da mataki guda. Maganinsa a tsayar da hasken tagar wuri ɗaya, a kuma kunna histogiram, wato 'yar taswirar nan mai kama da tsaunuka. Hagunta baƙi ne, damanta fari. Idan tsaunin ya haɗu da bangon dama ya hau shi, akwai wurin da ya ƙone fat, babu abin da za a iya cetowa a cikinsa. Na kuma kunna gargaɗin da yake sa wurin da ya ƙone ya riƙa ƙyaftawa ko ya yi zane-zane. Idan fitila ce ko rana a bayan ganye, ban damu ba. Idan goshin mutum ne ko farar riga, sai in rage kashi biyu cikin uku na mataki in sake.

Kowace kyamara da halinta wajen awon haske, kuma wannan sai da gwaji ake saninsa. Dukkansu ƙoƙarinsu su mayar da abin da ke gabansu toka-toka, tsaka-tsaki tsakanin fari da baƙi. Shi ya sa farin bango yake fitowa kamar ya yi datti, sai an ƙara masa mataki ɗaya ko ɗaya da rabi, baƙin mayafi kuma ya fito a koɗe sai an rage. Mutumin da ya ba wa taga baya fuskarsa za ta nutse sai an ƙara kamar mataki ɗaya, a haƙura tagar ta ƙone. Tsohuwar tawa takan zarce da haske, hannuna ya saba barin ta a kan ragin kashi ɗaya cikin uku. Sabuwar ba ta da wannan halin, ni kuwa na taho mata da tsohuwar al'ada, na yi mako biyu ina fitar da hotuna masu duhu ban gane dalili ba. Gwajin da ya warware mini mai sauƙi ne: abu ɗaya, haske ɗaya, hoto bakwai daga ragi ɗaya zuwa ƙari ɗaya, ana matsawa kashi ɗaya cikin uku kowane karo, sannan a jera su a babban allo a ga wanda ya yi daidai da abin da ido ya gani.

Ga yadda kyamarata take kwana kullum. Tana kan A, wanda Canon ke rubuta Av, inda ni nake zaɓen ƙofa ita kuma ta zaɓi shota. Ƙofa f/5.6. ISO na atomatik, daga 100 zuwa 6400, tare da sharaɗin kada shota ta sauka ƙasa da 1/250. Ƙari da ragi a sifili. Fokas mai bin motsi, na kuma kunna gane ido, inda kyamara ke nemo idon mutum da kanta ta sa fokas a kansa. Na ajiye wannan duka a matsayin C1, wato wurin da kyamara ke adana saitin da ka zaɓa, a wasu kyamarorin U1 ake kiransa, ta yadda ko na hargitsa komai, murɗi ɗaya zai dawo da ni gida. C2 na abin da ke gudu ne, shota 1/1000 da harbi a jere, wato ɗaukar hotuna bi da bi muddin yatsa na kan shota. C3 na dare ne a kan abin ɗora kyamara mai ƙafa uku, ISO 100, jinkirin daƙiƙa biyu don girgizar yatsa ta lafa kafin shota ta buɗe. Dalilin mayar da ita C1 kafin barci shi ne kuskuren da ya fi kowane yawa a wurin masu ɗauka kullum: jiya da dare ka bar ta a ISO 6400 ko shota rabin daƙiƙa, yau da safe ka fito rana ka ɗauki hoton farko, wanda sau da yawa shi ne mafi kyau, ya fito fari fat.

Wata guda na yi da lens ɗaya, ban cire shi ba. Mai milimita 23 ne (lambar da ke nuna faɗin abin da lens yake gani). Sensar kyamarata, wato farantin ciki da ke karɓar haske ya zama hoto, ƙarama ce da ake kira APS-C, wadda take matse hoto da kashi ɗaya da rabi, don haka faɗin da yake gani daidai yake da na milimita 35 a babbar sensa. A Canon lissafin 1.6 ne. Hikimar tsayawa a lens ɗaya ita ce kana koyon abu ɗaya a lokaci ɗaya. Bayan kwanaki sai ka fara ganin iyakar hoton tun kafin ka ɗaga kyamara, ka san taku nawa za ka matsa. Da lens mai zum kuwa, tsayawa kake yi wuri ɗaya kana murɗawa, ƙafa ta zama malalaciya. Ban ce zum ba shi da amfani ba, amma ba abokin koyon sabuwar kyamara ba ne, sai dai a tsayar da shi a lamba ɗaya a yi kamar ba ya motsi.

Fitar kullum ba ta wuce rabin awa, kuma galibi hanya ɗaya nake bi. Mutane suna ganin maimaita wuri ɗaya gajiyarwa ne, ni a wurina shi ne ma'auni. Bango ɗaya, bishiya ɗaya, idan hoton yau ya bambanta da na jiya, ka san ko dai haske ne ya canja ko kai ne. Awa ta farko bayan fitowar rana da ta ƙarshe kafin faɗuwarta, haske yana zuwa ne a kwance, yana fito da ƙwayar bango da tsagar itace, launi ya yi ɗumi. Da tsakar rana yana saukowa ne daga sama, ya zuba inuwa a kwarmin ido da ƙarƙashin hanci, don haka a lokacin inuwa nake nema, bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa, in sa mutum ya fuskanci inda hasken yake shigowa. Akwai tsohuwar ƙa'ida da nake gwada idona da ita: a rana tsaka mai tsabta, f/16 da shota daidai da lambar ISO, wato ISO 100 da 1/100 ko 1/125. Nakan yi hasashe kafin in leƙa, in ga ko ni da kyamara mun yi daidai. Hoto talatin zuwa hamsin ya ishe ni a rana. Harbi a jere yana da daɗin ji a kunne, amma hoto ashirin na abu ɗaya da ba ya motsi aiki ne kawai ka tara wa kanka da dare.

Hoton da bai fito tar ba, dalilinsa ɗaya ne cikin uku, kuma sai ka san wanne ne kafin ka yi magani. Ka faɗaɗa shi a allo zuwa cikakken girmansa, ɗari bisa ɗari, ka duba. Idan komai da komai ya yi dishi-dishi, har da bango da ƙasa, kuma layuka sun yi kamar biyu-biyu, hannunka ne ya girgiza. Ƙa'idar ita ce shota kada ta yi ƙasa da ɗaya bisa tsawon lens bayan an yi lissafin sensa: milimita 50 a APS-C yana son 1/80 zuwa sama, kuma da sensa mai yawan fiksel gara a ninka. Idan bango ya fito tar mutum ne ya goge, shi ne ya motsa. Mai tafiya yana son 1/250, yaro mai gudu 1/500 zuwa 1/1000, tsuntsu a sama 1/2000. A nan ne mai hana girgiza da ke cikin sabbin kyamarori yake ruɗar mutane. Yana ba ka damar riƙe 1/15 da hannu, gaskiya ne, amma hannunka yake tsayarwa, ba ya tsayar da wanda kake ɗauka. Na uku, idan wani wuri ya fito tar amma ba inda kake so ba, kunne maimakon ido, fokas ne ya kauce. Lens mai milimita 50 a f/1.8 a kan APS-C, daga nisan mita ɗaya, abin da yake fitarwa tar bai kai santimita 3 ba. Numfashi ɗaya ka yi ka ɗan karkata, ka fita daga ciki. Shi ya sa ban cika buɗe ƙofa duka ba sai da dalili, f/2.8 ko f/4 sun fi yafiya, lens ɗin ma ya fi kaifi a nan.

Gane ido abu ne mai ban mamaki, har sai mutum biyu sun shiga hoto ta zaɓi wanda ba shi kake so ba, ko ta ga fuska a jikin allon talla ta manne mata. Na ware maɓalli ɗaya ƙarƙashin babban yatsa wanda yake kashe shi ya mayar da ni ɗigo ɗaya a tsakiya. Game da ISO kuwa na daina tsoro. Hoto mai tsaki-tsaki a 6400 ana iya gyara shi, wanda ya goge saboda shota ta yi jinkiri sai shara.

Shota marar ƙara ta burge ni da farko, na bar ta a kunne ko'ina, sai ta koya mini iyakarta. Sensa ba ta karanta hoton lokaci ɗaya, layi-layi take bi daga sama zuwa ƙasa. Abin da ke gudu a gicciye, ko kai kana juya kyamara da sauri, sai turakun fitila su fito a karkace, fanka ta lanƙwashe. A ƙarƙashin wasu fitilun LED da dogayen ƙwayaye kuma sai ratsi-ratsi masu duhu su ratsa hoton, domin fitilar tana ƙyaftawa ne sau 100 a daƙiƙa inda wutar lantarki take juyawa sau 50 a daƙiƙa, sau 120 inda take 60, ido ba ya gani amma sensa tana kamawa. Maganin a koma shota ta inji, ko a sauko 1/50 ko 1/100 a wuri na farko, 1/60 ko 1/125 a na biyu. Yanzu marar ƙarar sai inda shiru ya zama dole kuma hasken rana ne.

Batir ma sai da na sake tunani. Mai madubi tana iya yini a kunne ba ta ci wani abin kirki ba, don sai ka danna take aiki. Marar madubi kuwa muddin tana kunne sensa da allo suna ci, ko ka ɗauka ko ba ka ɗauka ba, don haka lokaci take ci ba adadin hoto ba. Na sa ta riƙa barci bayan minti ɗaya, na kashe haɗinta da waya sai lokacin turawa, na koyi kashe ta da yatsa ina sauke ta. Batir biyu ne mafi ƙaranci, na rubuta musu 1 da 2 don in riƙa juya su. Akwai ɗan ido kusa da taga mai gane fuska ta matso, idan kyamara tana rataye tana gogar ƙirji sai ya ɗauka ido ne, tagar ta zauna a kunne batir yana zuba.

Ƙura ta fi samun marar madubi, domin da ka cire lens ga sensa nan a fili. Ina canja lens ne da kyamara a kashe, bakinta yana kallon ƙasa, sabon lens ɗin yana nan a shirye. Sau ɗaya a mako nakan gwada: f/16 ko f/22, in ɗauki sarari ko farar takarda, in duba. Ɗigon da yake zama wuri ɗaya a kowane hoto ƙurar sensa ce, a f/2.8 ba za ka gan ta ba sam. Ɗan famfon roba na hannu ya isa sau da yawa. Ba a hurawa da baki saboda yawu, ba a amfani da iskar gwangwani, ba a kai bakin riga. Wadda ta manne sai da tsinken goge sensa daidai girmanta da ɗigo ɗaya ko biyu na ruwansa, shafa ɗaya zuwa, ɗaya dawowa da ɗaya gefen, a yar. Fitowa daga ɗaki mai sanyi zuwa waje mai zafi da laima yana sa gilashi ya yi gumi, don haka a bar ta cikin jaka a rufe kamar minti ashirin ta saba. Lens da aka ajiye a wuri mai laima da duhu funfuna yake yi a ciki, shi ya sa nake ajiye nawa a akwati mai rufuwa da ƙunshin silika.

Da dare nake kwashe hotuna, kowace rana, a jaka mai suna da shekara, wata, rana, don su jeru da kansu. RAW nake ɗauka, wato ɗanyen hoto kamar yadda sensa ta karanto shi, tare da JPEG, wanda kyamara ta riga ta gyara ta matse. JPEG matakin haske 256 yake riƙewa a kowane launi, RAW mai bit 14 yana riƙe 16,384, shi ya sa ake iya ɗago inuwa a gyara launi ba tare da hoton ya farfashe ba. Kuɗinsa wuri ne, RAW ɗaya na sensa mai megafiksel 24 yakan kai megabait 25 zuwa 30, kati mai gigabait 64 ya ɗauki wajen dubu biyu. Wani abin da ya kamata a sani tun wuri: tsohuwar manhajar gyaran hoto tana iya ƙin buɗe RAW na sabuwar kyamara sai an sabunta ta. Ba na yi wa kati fomat sai hotunan sun zauna wuri biyu daban. Cikin hamsin nakan tsayar da uku, wani lokaci ɗaya. Waɗanda suka lalace ba na share su sai na karanta bayanan da ke jikinsu, shota nawa, ƙofa nawa, ina fokas ya sauka, domin a nan ake ganin kuskuren da yake maimaita kansa. Nawa ya fito fili: yawancin waɗanda suka goge a 1/60 suke, cikin ɗaki. Na ɗaga ƙasan shota, matsalar ta ragu sosai.

Abu ɗaya ya daɗe yana ɗaure mini kai. Fokas yakan tsallake zuwa kusurwar hoto ba tare da na taɓa komai ba. Ashe da idon hagu nake leƙawa, hancina yana dannan allon baya, shi kuma allon taɓawa ne, sai ya ɗauki hancin a matsayin yatsa. A menu akwai inda ake taƙaita wurin taɓawar zuwa rabin allo ko kusurwa ɗaya. Ni kashe shi na yi gaba ɗaya lokacin ɗauka, na bar shi don duba hotuna kawai, fokas kuma na mayar da shi kan ɗan sandan da ke ƙarƙashin babban yatsa.